Allura Ɗaya Kafin Wuƙa: Tambayoyi da Amsoshi kan Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta a Tiyatar Yara

Na daɗe ina aiki a ɗakin tiyata na wani babban asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suke tare ni da su a gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin yara, tare da wasu da sababbin malaman asibiti suke yi mini a lokacin shan shayi. Adadin magani da na ambata don ma'aikatan lafiya ne, ba don uba ya ɗauka ya nufi kemis ba.

Mene ne maganin rigakafi na tiyata? Shi ne irin rigakafin da ake yi wa jarirai?

Ba shi ba ne, kuma kalmar ce take rikita mutane. Rigakafin ƙyanda ko na shan-inna yana koya wa jiki ne yadda zai gane cuta, kariyarsa kuma tana ɗaukar shekaru. Wanda muke magana a kai maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wato antibayotik, da ake ɗura wa yaro ta jijiya dab da za a fara aiki, alhali babu wata cuta a wurin da za a yanka. Fatar kowane mutum, komai tsabtarsa, tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira sitafilokokus, hanji kuma cike yake da nasa. Muddin fata tana rufe ba su da hanyar shiga. Da zarar wuƙa ta buɗe ta, ƙofa ta samu, kuma ƙofar tana buɗe har sai an ɗinke. Aikin wannan allura shi ne ta tsaya a bakin ƙofar na waɗannan sa'o'i kaɗan, daga yanka zuwa ɗinki.

Me ya sa ake matsa wa lokacin ba da ita haka?

Saboda lokacin shi ne kusan dukan maganin. A shekarar 1961 wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka mai suna John Burke ya yi gwaji a kan ɓeran Masar. Ya sa ƙwayoyin cuta a fatarsu, ya riƙa ba su magani a lokuta daban-daban, sai ya ga cewa idan maganin ya riga ƙwayoyin isa wurin, ciwon yana zama kamar ba a sa masa komai ba. Idan kuwa aka jinkirta har sa'a uku, allurar ba ta ƙara komai. A 1992 aka buga wani bincike daga jihar Yuta da ya bi marasa lafiya 2,847. Waɗanda aka yi wa allura cikin sa'a biyu kafin yanka, ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne ciwonsu ya rure. Waɗanda aka yi wa tun da wuri, fiye da sa'a biyu kafin aiki, kusan 4 cikin 100. Waɗanda sai da aka wuce sa'a uku da yanka aka tuna da su, sama da 3 cikin 100. Agogo ne ya bambanta su.

Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 suka ce a ba da shi cikin minti 120 kafin yanka, tare da la'akari da saurin fitarsa daga jiki. Ga magungunan da aka fi amfani da su, waɗanda ƙoda take tacewa da sauri, abin da ake bi shi ne minti 60. Irin su bankomaisin, da ake ɗigawa a hankali cikin ƙarin ruwa, su ne ake farawa da wuri.

Ga yadda abin yake lalacewa a wurinmu, kuma na gani da idona ba sau ɗaya ba. An rubuta yaro a jerin aikin safe. Malamar ɗakin yara, don kada a ce ta yi sakaci, ta yi masa allurar tun ƙarfe takwas. Sai aka kawo mai naƙuda daga wani ƙauye a bayan a-kori-kura, aka shiga da ita. Aka fito, injin wuta ya ƙi tashi, aka aika neman makaniki. Yaron bai hau gadon tiyata ba sai bayan azahar, lokacin da mafi yawan maganin ya riga ya fita da fitsari. A kati an rubuta cewa an ba da rigakafi, kuma ba ƙarya aka rubuta ba, amma a jikin yaron babu abin kirki da ya rage. Akasin haka ma yana faruwa, a manta gaba ɗaya sai an dawo da yaro ɗaki a fara masa, wanda shi kuma ihu ne bayan hari. Maganin matsalar bai fi sauya hannu ba: a daina yin allurar a ɗakin kwanciya, a tura ta tare da yaro, mai sa barci ya ba da ita lokacin da ya ga likita ya wanke hannu.

Ko duk yaron da za a yi wa aiki sai an yi masa?

A'a. Likitoci suna kasa ayyuka gida huɗu gwargwadon abin da wuƙa za ta tarar. Akwai aiki mai tsabta, inda ba a buɗe hanji ko mafitsara ko hanyar numfashi, kuma babu kumburi a wurin. Yawancin ayyukan yara na yau da kullum a nan suke: ƙaba, gwaiwar ruwa, saukar da ɗan maraina da bai sauko ba, gyaran cibi, cire wani ɗan ƙari a fata. A irin waɗannan, ga yaro mai ƙoshin lafiya, rurewar ciwo kaɗan ce ƙwarai, kuma allurar ba ta rage ta yadda zai biya illarta. Ana keɓe aikin da za a bar ƙarfe ko roba a jiki, kamar ƙarfen ɗorin ƙashi ko bututun da ake sa wa yaron da ruwa ya taru masa a kai, domin idan ƙwayar cuta ta maƙale a jikin irin wannan abu, fitar da ita sai an sake buɗewa.

Gida na biyu shi ne inda aka buɗe hanji ko makamancinsa cikin tsari ba tare da ya zube ba, kuma a nan rigakafin ya fi amfani. Na uku inda ƙazanta ta zuba ko rauni ne sabo a buɗe. Na huɗu kuwa an tarar da mugunya ko hanji ya riga ya huje, wanda ya fita daga babin rigakafi ya shiga babin jinya.

Kaciya fa?

Kaciyar da aka yi a asibiti da kayan da aka dafa ba ta bukatar allura kafin a yi, ba ta kuma bukatar kwalbar Ampiclox bayan an gama. Idan hunturu ya shigo aka tara yara don shayi, abin da ya kamata uba ya tsaya a kai shi ne kowane yaro da askarsa, mai aikin ya wanke hannu tsakanin yaro da yaro, kuma yaron ya kammala allurarsa ta tetanus, domin antibayotik ba ya maye gurbinta. A faɗa wa mai kaciyar idan a dangi akwai wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri.

An yi wa ɗana aikin ƙaba aka sallame mu da farasitamol kawai. Ko don an ga mu mutanen ƙauye ne?

Wannan tambayar da zafinta aka yi mini ita. Wani dattijo ne, ya riƙe takardar sallama yana juya ta, ya ce, "Malam, na sayar da tunkiya na zo da kuɗin allura, kada a duba rigata a rage wa yaron nan magani." Na ce masa, "Baba, da jikana ne a kan gadon nan, abin da za a rubuta masa ke nan." Bai gamsu nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin mu ma'aikatan lafiya ne muka saba wa jama'a da cewa aiki mai kyau shi ne wanda aka biyo shi da leda cike da magani. Bayan mako ɗaya ya dawo da yaron a duba ɗinki, wurin ya bushe sarai, sauran kuɗin tunkiyar kuma suna aljihunsa.

Takardar da ba ta da antibayotik bayan aiki mai tsabta alama ce ta likitan da ya san abin da yake yi. Wanda ya fito daga asibiti ya ratse kemis ya sayi abin da likita bai rubuta ba, ya ɓata tsarin da aka yi wa ɗansa.

To mece ce illar a ci gaba da shi kwana biyar ko bakwai? Ba an ce a riƙa shanye magani duka ba?

Maganar shanye magani ta shafi wanda cuta ta riga ta kama, aka rubuta masa kwanaki don a kawar da ita. Rigakafin tiyata kwanakinsa ba su wuce ranar aikin ba. Ƙa'idar 2016 ta faɗa ƙarara cewa kada a ci gaba da shi bayan an gama aiki, kuma ko asibitocin da suka sassauta yawanci ba sa yarda ya wuce sa'a 24. An gwada allura ɗaya da ta kwanaki a ayyuka iri-iri, aka ga idan an ba da ta farko a kan lokaci, ƙarin kwanakin ba ya rage rurewar ciwo.

Illa kuwa akwai ta. A cikin hanjin yaro akwai ƙwayoyi masu amfani da suke taimaka wa narkewar abinci, suke kuma tare wa miyagu wuri. Antibayotik ba ya tantancewa, duka yake kashewa, shi ya sa gudawa take biyo baya, wani lokaci mai tsanani, da farin baki a jarirai. Jentamaisin, idan aka daɗe ana yi, yana taɓa ƙoda da ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, idan aka bar ta a hannu kwana biyar saboda allura ita kanta ƙofar cuta ce. Sannan ga zaman asibiti: uwa ta bar sauran yara a gida, uba ya bar gona a tsakiyar damina, ana sayen abinci a bakin ƙofa, duk don allurar da ba ta da aikin yi. Abin da ya fi damuna shi ne idan ciwon ya zo ya rure duk da haka, ƙwayar da ta rage ita ce wadda ta riga ta fi ƙarfin maganin da ke hannunmu.

Waɗannan ƙa'idoji ba na Turai ba ne? Mu da muke fama da ƙura da zafi da ƙarancin ruwa, ba gara mu ƙara ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma daga bakin likitoci na fi jin ta. Tushenta gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kimanin 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ciwonsu yana rurewa. Wani babban bincike kan aikin ciki da aka buga a 2018, wanda ya haɗa ƙasashe 66, ya samu kimanin 9 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, da kimanin 23 cikin 100 a mafiya talauci. Likitan da ya taɓa ganin ɗinki ya ɓalle yana zubar da mugunya a cikin ɗan shekara biyar, ba za a zarge shi ba idan hannunsa ya yi nauyi wajen rubutu.

Sai dai a duba inda cutar take shiga. Mafi yawanta tana shiga ne lokacin da ciwo yake buɗe: daga almakashin da bai dahu ba saboda wuta ta ɗauke tukunyar dafa kaya tana tsakiyar aiki, daga hannun da aka wanke da ruwan jarka a gurguje, daga ƙofar ɗakin tiyata da ake ta buɗewa ana rufewa, daga yaron da ya zo a makare kuma da tamowa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da allurar rana ta biyar take gyarawa. Wannan binciken na 2018 ya kuma nuna cewa a ƙasashe mafiya talauci, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da aka gwada daga ciwon da ya rure sun riga sun bijire wa maganin da aka bayar na rigakafi. A ganina, dogon antibayotik a asibitocinmu ya zama mayafin da muke rufe gazawar tsabta da shi, kuma iyaye ne suke biyan kuɗin mayafin. Da za a karkatar da rabin wannan kuɗi zuwa sabulu, ruwan famfo, safar hannu da gyaran tukunyar dafa kaya, da an fi ganin bambanci.

Wane magani ya fi dacewa, kuma nawa ake ba yaro?

Ga yawancin ayyuka, sefazolin ne zaɓin farko. Yana kama ƙwayoyin fata da kyau, ba ya faɗaɗa ɓarna a hanji sosai, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ba yaro miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, ba tare da an wuce giram 2 ba. Idan za a buɗe babban hanji ko a cire afendis, ana haɗa shi da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 15 a kan kowane kilo, saboda ƙwayoyin hanji da ba sa son iska. Jarirai sababbin haihuwa lissafinsu daban ne, domin hanta da ƙodarsu ba su gama ƙwari ba.

Wannan ya nuna cewa sikeli kayan tiyata ne. Na sha ganin an kalli yaro an ce "wannan rabin kwalba ya ishe shi", alhali 'yan shekara shida biyu, ɗaya daga gidan da ake ci a ƙoshi, ɗaya kuma ya sha fama da tamowa, nauyinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. A auna kowane yaro ranar aiki, a rubuta nauyin a saman kati inda mai sa barci zai gani.

Abin da aka fi miƙa hannu a ɗauka a wurinmu shi ne seftirayazon, don yana ko'ina kuma sau ɗaya ake yi a rana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na amfanin yau da kullum, na sa ido, da na ajiya don ranar da komai ya ƙi. Sefazolin yana gidan farko, seftirayazon yana na biyu, domin yana saurin haifar da ƙwayoyi masu taurin kai. Shi ne kuma abin da muke dogara da shi idan aka kawo yaro da sanƙarau ko taifot mai tsanani, don haka ƙone shi a kan aikin ƙaba kamar cinye iri ne kafin saukar damina. Ban da haka, yana da haɗari ga jariri mai shawara, kuma ba a haɗa shi da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam a sababbin haihuwa. Idan sefazolin babu shi a ma'ajiya, shugaban sashen magunguna ya kamata a matsa wa ya sa shi a jerin saye, maimakon a ce ai babu a ƙasar.

Idan aiki ya yi tsawo fa?

Ana maimaita sefazolin bayan sa'a 4 daga allurar farko idan har ba a rufe ba, haka kuma idan yaro ya zubar da jini mai yawa. Da an ɗinke, an gama.

An yi wa 'yata aikin afendis an tsayar da allura washegari, ɗan maƙwabcinmu kuma an yi masa ta kwanaki. Me ya bambanta su?

Abin da likita ya tarar da ya buɗe. Afendis da ya kumbura amma bai fashe ba, da an cire shi an cire tushen cutar, allurar da aka yi kafin aiki ta wadatar. Wanda ya fashe ya watsa mugunya a ciki, jinya ce ta kwanaki. Haka yaron da taifot ta huda masa hanji, abin da muke gani da yawa a yankinmu, musamman idan an daɗe ana maganin zazzaɓi a gida kafin ciki ya kumbura a taho. Haka kuma karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, wadda take bukatar allura da gaggawa tun kafin a shiga tiyata, shi ya sa ba a fara kai irinta wurin mai ɗori. Ko a waɗannan ma, wajibi ne likita ya rubuta dalili da ranar da za a sake dubawa a tsayar, kada a bar magani yana tafiya har sai ranar sallama ta tsayar da shi.

Idan akwai robar fitsari ko robar da ke fitar da ruwa daga ciwo, ba sai an ci gaba ba har a cire ta?

Kasancewar roba kaɗai ba dalili ba ne. Abin da yake kare yaro shi ne a cire ta da zarar aikinta ya ƙare.

Jikin yaro ya yi zafi daren da aka yi aiki. Ba alamar cuta ba ce?

Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu na farko yawanci martanin jiki ne ga yankan da aka yi masa, kuma yana sauka da kansa. Rurewar ciwo ta fi bayyana daga kwana na huɗu ko na biyar zuwa sama. Abin da ya dace shi ne a duba yaron sosai: a buɗe ciwon a gani, a saurari ƙirji, a duba wurin kanula, a gwada fitsari idan akwai roba, kuma a ƙasarmu a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, musamman daga damina zuwa kaka. Yaro da yawa an ɗora musu antibayotik na mako guda, alhali maleriya ce take cin su. Amma jariri sabon haihuwa, ko yaron da ya yi laushi, numfashinsa ya yi sauri, ko ciwon ya yi ja yana yaɗuwa cikin sa'o'i, ba a jira da su.

Me ya kamata in faɗa wa likita kafin a shiga da yaro?

Duk maganin da ya sha a makonnin baya, har da na kemis, na mai talla a kasuwar ƙauye, da jiƙo ko tsimi. Kada kunya ta hana, ba tuhuma ake yi ba. Idan an zo da kwalin ko kwalbar ma ya fi. A faɗa idan yana da sikila, idan ya taɓa kwanciya saboda tamowa, ko yana tari da zazzaɓi a yanzu. Yaro mai sikila da yake shan fenisilin kullum, wannan wani rigakafi ne daban, kuma ba a tsayar da shi sai likita ya ce.

Idan wani magani ya taɓa ƙin jininsa, a bayyana yadda abin ya faru. Akwai bambanci babba tsakanin yaron da fuskarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan allura, da wanda ya yi gudawa ko 'yan ƙuraje bayan kwana uku. Mafi yawan waɗanda ake cewa fenisilin ba ya karɓarsu, idan aka gwada sai a tarar yana karɓarsu, kuma wannan laƙabi yana sa a kauce wa maganin da ya fi dacewa a koma wanda bai kai shi ba.

Ana ta maganar ƙwayoyin cuta sun daina jin magani. Ina ruwan wannan da allurar yaro ɗaya?

Manomin wake ya san amsar. Maganin feshin da yake kashe ƙwari shekarun baya, yau sai a ninka shi ƙwarin suna nan, domin kowane feshi yana kashe raunana ya bar masu tauri su hayayyafa. Haka abin yake a hanjin yaro da fatarsa, kuma masu taurin ba sa zama a jikinsa shi kaɗai, suna bin hannu da buta da kwanon ci zuwa ƙannensa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi kan wannan tun a 1945. Ƙiyasin da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017 ta hannun Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka.

Ga mutumin karkara abin yana da fassara mai sauƙi. Idan maganin da ke asibitin Gumel ko Ringim ko Rano ya daina ci, sai a ɗauki hanyar Dutse ko Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a nemi gado, a sayi allurar da kuɗin kwana ɗaya nata ya fi na dukan aikin farko.

Ƙaramin asibiti da ba shi da ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta, me zai iya gyarawa?

Kusan komai, domin gyaran na tsari ne. A zauna, likita da mai sa barci da malaman jinya da mai kula da magunguna, a rubuta shafi ɗaya: ga ayyukan da muke yi, ga waɗanda ba sa bukatar rigakafi, ga magani da adadinsa a kan kilo ga masu bukata. A manna shi a bangon ɗakin tiyata kusa da agogo mai aiki. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tantancewa mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata, kuma ɗaya daga cikinsu, dab da yanka, ita ce ko an ba da antibayotik cikin minti 60 da suka wuce. Amfaninta yana ga karanta ta da murya kowa ya ji. Na san inda ake cike ta da biro bayan an gama aiki don kada mai duba ya yi faɗa, wanda bai bambanta da rashinta ba.

Sai a sauya yadda ake rubutu a kati. A rubuta "sau ɗaya, kafin aiki", a rubuta lokacin allura da lokacin yanka kusa da juna, kuma a ba malamar jinya izinin tambaya idan ta ga rigakafi ya kwana biyu. Wannan izini shi ne mafi wuya a al'adarmu, inda ƙarami ba ya son ya zama kamar yana gyara wa babba, don haka babban likita ne ya kamata ya furta a gaban kowa cewa yana son a tuna masa. A ƙarshen wata a ɗauko kati ashirin a ƙirga: nawa aka ba alhali ba sa bukata, nawa aka ba a kan lokaci, nawa suka wuce sa'a 24, nawa ciwonsu ya rure. Ƙirgen na ƙarshe shi ne yake kwantar da hankalin likita mai tsoro, idan ya ga an rage allura wata uku kuma ciwo bai ƙaru ba. Tunda rurewa tana iya bayyana har kwana 30 bayan aiki, yawanci bayan an koma gida, a karɓi lambar wayar uba ko ta wani maƙwabci a kira. Inda asibiti yake samun kuɗin shiga daga sayar da magani, a faɗi gaskiya cewa wannan ma yana cikin abin da ke tsawaita rubutu, shugabanni su san da shi.

Mu iyaye, mene ne namu a gida?

A yi wa yaro wanka da sabulu daren jajibiri ko safiyar aiki, a sa masa kaya wankakku. Kada a aske wurin da reza a gida, domin 'yan ƙananan yankan da ido ba ya gani mazaunin ƙwayoyin cuta ne. Idan gashi zai hana aiki, a asibiti za a rage shi da inji. A bi umarnin da aka bayar kan lokacin daina ci da sha.

Bayan an dawo, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji, a hana ƙuda, a ba shi abinci mai gina jiki irin su wake, ƙwai, gyaɗa, nono da zogale gwargwadon abin da likita ya yarda. Kakanni mata suna da wata al'ada ta ƙauna da nake roƙon a bari, wato a fasa kafso ja-da-yalo a barbaɗa garin a kan ɗinki. Haka toka, man goge baki, da gashi da ruwa mai tsananin zafi. Ragowar maganin wani yaro kuma ba na wannan ba ne.

A koma asibiti a ranar, ko da dare ne, idan wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ya kumbura da zafi, yana fitar da mugunya ko wari, ɗinki ya buɗe, zazzaɓi ya taso bayan kwana uku, ciki ya kumbura, amai ya zama kore, ko jariri ya ƙi kama nono. A tafi da takardar sallama, domin a cikinta malamin da ke bakin aiki zai ga irin aikin da aka yi da maganin da aka riga aka bayar.